Kawu da Wuski Mai Hayaƙi

Kawuna ya rasu wata Talata da hantsi, a kan kujerarsa ta bayan gida a Pleasant Garden. Matarsa, wadda dukanmu muke kira Mama, ta fita kai masa kunu ta tarar ya cika. Kafin azahar motoci sun cika harabar gidan har sun hau ciyawar da bai taɓa yarda a taka ba. Wan mahaifiyata ne. Shi ya kawo ni Greensboro karatu, a gidansa na zauna har na yi aure, don haka ni aka tsayar a bakin ƙofa ina karɓar gaisuwa, ina nuna wa mutane inda za su ajiye takalma da kulolin abinci.

Daga bakin ƙofa ana ganin komai. Matan zumuntar cocinmu sun zo da shinkafa da miya kamar za a ciyar da gari, suka rungume Mama suka yi kuka na gaskiya. Amma ba wadda ta sa ankon zumunta, ba kuma wadda ta ɗaga waƙa, alhali a gidan makokinmu da waƙa ake shigowa. Dattawan coci suka shigo a jere, suka ce Ubangiji ya ba da haƙuri, suka ɗosana a bakin kujeru. Fasto ya yi doguwar addu'a, ya roƙa wa mata da 'ya'ya da jikoki ta'aziyya, ya kewaye marigayin bai taɓa shi ba. A gareji kuwa wasu samari da Kawu ya koya wa tuƙi suna tsaye suna share ido da bayan hannu, ɗaya yana ta maimaita cewa ba don Baba ba da har yau bas yake jira.

'Yan'uwanmu Musulmi ma sun zo, a gabansu akwai Alhaji, tsohon abokin Kawu mai sayar da motoci na hannu. Ya yi wa Mama gaisuwa, sannan ya ja ni gefe ya tambaye ni yaushe ne jana'iza. Na ce ba a sa rana ba tukuna. Ya san mu Kiristoci ba ma gaggawar binnewa irin tasu, amma ya daɗe yana kallon fuskata.

"Maganar kwalbar nan ce ko?" in ji shi.

Na ce ita ce. Ya girgiza kai ya koma ya zauna.

Ga maganar, don wanda bai sani ba. Kawu ya mutu yana ƙarƙashin horon ikilisiya. A cocinmu, yadda muka taso da shi tun daga gida a kudancin Kaduna, mai bi ba ya shan giya ko wace iri ce, ko ɗigo. Wanda aka kama sai a sa shi horo: a sauke shi daga muƙaminsa, a hana shi jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa tare a coci, ya koma bencin baya, har ranar da zai miƙe a gaban jama'a ya ce ya tuba. Idan mutuwa ta riga wannan rana, ba a shigar da akwatinsa coci. A bakin kabari za a yi masa addu'a, a rufe, a watse, ba anko ba waƙa. Mama kuwa tun kafin in zo ƙasar nan take cikin zumunta, ta raka mazan mata da yawa da waƙa har kabari. Abu ɗaya take so, a shigar da mijinta ta ƙofar gaba kamar kowa. Dattawa suka ce za su zauna a kan maganar kafin a sa rana.

Kafin in faɗi yadda zaman ya ƙare, ina so in rubuta mutumin. Na ga alama nan da 'yan shekaru ba abin da za a tuna game da shi sai cewa shi ne dattijon nan da aka sa horo saboda kwalba, jikokinsa kuma Hausarsu ba ta kai su tambayi sauran labarin ba.

Kawu ba mashayi ba ne. Aikin jinya nake yi, na san mashaya, na wanke su na canja musu zanen gado. Shi kwalba ɗaya takan kai shi daga wannan Kirsimeti zuwa waccan. Kuma iri ɗaya kawai yake sha, wuskin Scotland mai ƙamshin hayaƙi, wadda gida ɗaya ke dafawa ba a gauraya ta da ta wani gida ba. Ka miƙa masa kowace irin giya ce zai ce maka ya gode, ba ya sha, kuma da gaske yake.

Ranar Lahadi ce ranarsa, abin da ya fi ƙona wa mutane rai ke nan. Idan an taso daga coci an ci tuwo, sai ya cire babbar riga ya rataye, ya wanke hannu da ruwa zalla don kada ƙamshin sabulu ya shiga tsakani. Ya ɗauko kwalbar daga saman kabad ɗin kicin, inda duk mai ido ke ganinta. Yana da wani ɗan kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, ba mai taɓa masa shi, da kansa yake wanke abinsa. Zai zuba abin da bai wuce kaurin yatsa ba, ya fita bayan gida ya zauna yana fuskantar itatuwa, ya ajiye kofin a kan tebur ya ƙyale shi. Na taɓa tambayarsa me yake jira. Ya ce abin da ya yi shekara goma cikin ganga ba wanda ya yi masa gaggawa, ba a gidansa za a fara ba.

Can sai ya ɗaga kofin wajen haske ya duba launin, ya juya shi a hankali, ya kawo shi kusa da hanci bakinsa a ɗan buɗe. Ba ya zura hanci ciki, wai zafin barasar zai toshe maka komai. Ya shaƙa, ya janye, ya sake. Kurɓin farko riƙe shi yake yi a baki kamar mai ciwon haƙori kafin ya haɗiye. Daga nan ya ɗiga ruwa da ƙaramin cokali, ya ce yanzu za ta saki jiki ta faɗi sauran abin da ke cikinta. Ƙanƙara kuwa kada ma a ambata masa. Wannan ɗan abin yakan kai shi har rana ta yi sanyi, in ya ƙare ma ba ya tashi, sai ya zauna yana shinshinar kofin da ba komai a ciki.

Yadda ya fara ma da Mama a tsaye aka yi. Kawu gyaran injina yake yi a wani babban sito da ke gefen Wendover Avenue har ya yi ritaya. Wata Kirsimeti shugabansa, wani tsohon Bature da kakanninsa suka fito daga Scotland, ya ba shi kwalba a naɗe cikin takarda. Kawu ba ya mayar da kyauta. Ya kawo ta gida da niyyar tuttulawa a wurin wanke-wanke, Mama na tsaye a kansa don ta tabbatar. Yana zare toshiyar sai ya tsaya cak. Mama ta ce wari ya cika kicin kamar an ƙona tsohuwar taya, ta ce masa ya zubar mana. Ya ce ta bari tukuna. Wannan tukuna ɗin ce har ya mutu ba ta ƙare ba.

Abin da ya ce ya ji shi ne ɗakin girkin mahaifiyarsa da damina. Kakata kafin a yi mata baftisma burukutu take dafawa. Takan jiƙa dawa ta tsira, idan hadari ya hana rana fitowa sai ta baza tsiron a kan ragaya saman murhu, hayaƙi ya busar da shi. Kawu ya je ya bincika ya gano can ma haka suke yi. Sha'ir suke jiƙawa ya tsira, su busar da shi da hayaƙin wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓen ciyayi da suke haƙowa a fadama, su shanya ta, su ƙona kamar itace. Hayaƙin nan shi ke bin hatsin har cikin kwalba. Yakan ba da wannan bayani da hannu da ƙafa, har ya zana maka tsibirin da yatsa a kan tebur, shi da bai taɓa taka Scotland ba. Ni dai ban taɓa yarda da labarin ɗakin girkin gaba ɗaya ba. Wataƙila shi ya tsayar da hannunsa a ranar farko, amma mutum ba ya shekara da shekaru yana shan abu don tuna uwarsa kawai. Daɗi take yi masa, shi ma bai musa ba.

Ni ma ya taɓa miƙo min kofin, lokacin ina ɗaliba. Ya ce in shinshina in faɗi abin da na ji, kada in yi ƙoƙarin burge shi. Na ce ina jin aidin da bandeji, warin ɗakin da ake wanke ciwo sak. Na zaci zai ji haushi, sai ya yi dariya har da tafi, ya ce yana ciki, hancina ya yi gaskiya, in leƙa bayansa. Na sake. Hayaƙi ya fito, irin na kifin banda. Bayansa akwai gishiri-gishiri, can ƙarshe kuma wani zaƙi mai nisa kamar na busasshen dabino. Na ɗanɗana da kan harshe, wuta ta kama min maƙogwaro, na yi tari har da hawaye. Amma ina wanke kwanuka daga baya hayaƙin yana nan a bakina, ya yi laushi, ya ƙi tafiya. Kawu ya ce wannan ragowar ita ake saya, sauran duk hanya ce. Ban sake sha ba, don ba ta yi min daɗi ba. Idan dattawa sun karanta wannan suna da magana, sun san gidana.

Faɗa mafi girma da na gani a gidan, kafin na horo, da ɗansa na fari aka yi, wanda aka haifa a nan. Ya zo hutu daga jami'a, ya ɗauko kwalbar ya tuttula a babban kofi, ya cika da ƙanƙara, ya bi da lemon kwalba. Kawu ya shigo ya gani. Bai ɗaga murya ba. Ya karɓi kofin ya shinshina, ya je ya zubar, ya ce bai san wanne ya fi masa ciwo ba, ɗaukar da aka yi ba izini ko ɓata ta da aka yi. Yaron ya ɗaga kafaɗa ya ce, "It's just whisky, Daddy," wai ai wuski ce kawai. Har ya koma makaranta Kawu bai sake yi masa wata doguwar magana ba. Mama kuwa kukanta shi ne ɗanta ya fara shan giya, kuma a gidan ubansa ya gani. Suka kwashe mako suna rigima, kowa a kan abin da ya dame shi, ba wanda ya saurari wani.

Alhaji yakan zo wasu Lahadin da filas ɗin shayinsa. Zai duba inda iska ke kaɗawa, ya ja kujera ta ɓangaren da warin ba zai same shi ba, su yi ta musu a kan injin mota da siyasar gida. Bai taɓa taɓa kofin ba, Kawu bai taɓa yi masa tayi ko da wasa ba. Idan la'asar ta yi, Kawu zai kwashe kwalba da kofi ya shiga da su ciki, ya fito da dardumar da ya saya musamman ya ajiye don abokinsa. Sau ɗaya a shekara, in azumi ya ƙarato, Alhaji yakan yi masa nasiha a kan giya, tsakani da Allah, ba ragi. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya gode masa, su koma maganar mota.

Horon ya zo ne ta hannun babban dattijon cocinmu, ɗan yankinsu, wanda suka yi makarantar firamare tare. Wata Lahadi ya zo ba sanarwa a kan wata maganar ƙungiyar mawaƙa, ya zagayo ta bayan gida. Mama ta hango shi ta taga, ta ƙwanƙwasa gilashi har zobenta ya kusa fasa shi. Kawu ya ji, ya gane, bai motsa kofin ba. Ya miƙe ya tarbi baƙonsa ya ba shi kujera. Dattijon ya nuna kofin ya tambaya mene ne wannan. Kawu ya ce wuski ce, sannan, ikon Allah, ya shiga yi masa bayanin tsibirin da baƙar ƙasar. Mutumin ya tashi ya tafi ko ruwa bai sha ba.

A gaban dattawa Kawu bai yi gardama mai tsawo ba. Ya ce maye aka hana, shi kuma bai taɓa buguwa ba. Suka ce doka ba ta auna yawa, ga samari suna kallo, a ƙasar da giya take a kowane kanti kusa da burodi. Ya ce ya san dokar tun kafin ya karɓi muƙamin dattijon coci, su yi aikinsu. Aka sauke shi. Na tabbata a lokacin kowa ya ɗauka wata biyu zai yi ya miƙe ya nemi gafara, ko kuma ya yi fushi ya koma ɗaya daga cikin cocin Amurkawa da ba ruwansu da abin da ka sha. Bai yi ko ɗaya ba. Cocinmu wani tsohon kanti ne da muke haya a East Greensboro. Shi ke fara zuwa, ya buɗe, ya kunna na'urar ɗumama ɗaki, ya jera kujeru, sannan ya je bencin baya ya zauna. Idan tiren jibin Ubangiji ya zo layinsa sai ya naɗe hannu a ƙirji, a wuce shi. Mama tana gaba cikin mata, wuyanta a sandare, ba ta waiwaye.

Ba zan mai da shi waliyyi ba. Kawu yana da taurin kai, yana kuma jin daɗin kasancewa mai gaskiya fiye da yadda ya kamata. Zaman bencin baya bai dame shi ba, ina ma jin ya ɗan yi masa daɗi. Mama ce ta biya kuɗin wannan jarumta. Ita ake yi wa kallon tausayi, ita ake cewa ana tuna ta a addu'a, ita aka tsallake sau da dama idan za a zaɓi shugabar zumunta. Na sha jin haushinsa a kan haka, na kuma faɗa masa. Ya ce in ƙara masa miya.

Mutum ɗaya tak na san ya ɓoye wa kwalbar. Wani ɗan yankinmu ne mai aikin sito, giya ta cinye shi, matarsa ta kwashe yara ta tafi, 'yan sanda suka kama shi yana tuƙi a buge. Jama'a suka yi ta tsaki. Kawu ya je ya karɓo shi, ya sauke shi a tsohon ɗakina, yana kai shi aiki yana ɗauko shi tun da an ƙwace masa lasisi. Kafin mutumin ya shigo gidan, kwalba da kofi sun ɓace daga kicin. Duk watannin da ya yi a can, shayi suke sha ranar Lahadi a bayan gida su biyu. Wata rana mutumin ya ce ai ya ji Baba ma yana taɓawa. Kawu ya ce, "Ina sha. Kai ba za ka iya ba, kada ka gwada kanka da ni." Mutumin nan yana cikin masu kuka a gareji ranar rasuwar, da matarsa aka zo.

Shekarun baya zuciyar Kawu ta fara ba shi wahala. Likita ya ɗora shi a kan magani, ya ce ba shi ba barasa. Kawu mai bin umarnin likita ne kamar soja, daga ranar bai sake haɗiye ko ɗigo ba. Amma Lahadi ba ta canja ba. Zai zuba, ya fita, ya jira, ya duba launi, ya shinshina har yamma, sannan ya mayar da abin cikin kwalba da ɗan mazurari. Ya ce dama hanci ne ke yin yawancin aikin.

Mama ta yi murna kamar an yi mata albishir. Ta kira ni a waya ta ce in zo in taya ta magana, hanya ta buɗe, tun da ya daina sai ya miƙe ranar Lahadi ya faɗa a gama. Na je. Muka same shi a bayan gida, ta yi masa magana da lallashi, ta kira shi da sunan da ba ta kiransa a gaban mutane. Ya saurare ta har ta gama.

"Ban daina don na ga laifinta ba," in ji shi. "Likita ne ya ƙwace min. Gobe ya ce na warke, zan sha. In na tsaya a gaban jama'a na ce na tuba, Wanda nake faɗa wa ya san ƙarya ce."

"To ni fa?" Mama ta ce. "Ranar da ka mutu a waje za su bar ka, ni ce zan tsaya a wurin, ba kai ba."

Ya ce ta yi haƙuri. Ta shiga ta haɗa kaya a jaka ta bi ni gidana, ta yi 'yan kwanaki, sannan ta ce in mayar da ita don ba ya shan maganinsa sai an tsaya a kansa. Ba ta daina roƙonsa ba har ƙarshe. Duk lokacin da za a yi jibin Ubangiji sai ta tayar da maganar, shi kuma ya ba ta haƙuri.

Ranar zaman dattawa ni na tuƙa ta zuwa coci. A hanya ta yi ta karanta min abin da zan faɗa. In an tambaye ni, in ce ya daina sha tun da daɗewa, in tsaya a nan, kada in ƙara komai. Ta ce ai ba ƙarya ba ce. Na ce ba ƙarya ba ce, Mama. A shirye nake in faɗa, in ma an so in rantse zan rantse, don ni a wurina wanda ya mutu ya gama nasa, mai rai ake dubawa.

Aka shigar da mu ƙaramin ofishin da ke bayan bagadi. Fasto yaro ne a kan su Kawu, ya tarar da horon ne bai san farkonsa ba, kuma a fuskarsa na ga mafita yake nema. Ya tambaye ni, a matsayina na ma'aikaciyar jinya kuma 'yar gida, ko marigayin yana shan giya har zuwa rasuwarsa. Na ce a'a, ya daina shekarun baya, ko ɗigo. Na ji ɗakin ya sauke numfashi. Babban dattijo, wanda ya kai ƙarar tun farko, ya tsufa ƙwarai yanzu, yana dogara sanda. Ya juya wajen Mama, muryarsa a sanyaye.

"To, Maman yara, ke kika zauna da shi. Ya tuba ke nan a zuciyarsa, lokaci ne bai samu ba ya miƙe a gaban jama'a. Haka ne ko?"

Ba tambaya ba ce ta gaske, kowa ya sani. Ɗaga kai kawai ake so ta yi. Fasto har ya ɗauki biro zai duba ranar da cocin ba shi da wani taro. Mama tana kallon jakarta. Na taɓa ta da gwiwa.

"Bai tuba ba, Baba," in ji ta. "Likita ne ya hana shi. Lokaci kuwa ya samu, ni na sani, don kullum sai na roƙe shi."

Babban dattijo ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga. Da ba ta faɗa ba da sun wuce, amma ta faɗa a gaban mutum shida ko bakwai, ba yadda za su yi kamar ba su ji ba. Suka ce mu ba su wuri. Da aka dawo da mu Fasto ya faɗi hukuncin bai ɗago kai ba. Na ji haushinsu, na ji haushin Kawu da ke kwance bai san ana yi ba, na fi jin haushin Mama.

Aka binne shi ranar Asabar. Daga gidan da suka shirya gawar aka wuce da shi maƙabarta kai tsaye. Mutane sun zo da yawa, har filin ajiye motoci ya kasa. Matan zumunta suka tsaya a bayan Mama cikin kayansu na gida, kowacce da kalarta. Alhaji da mutanensa suna gefe ɗaya, hannu a harɗe. Fasto ya karanta abin da ake karantawa, ya yi gajeriyar addu'a, aka sauke akwatin. Ba a yi waƙa ba. Duk abin bai kai tsawon wa'azin Lahadi ba. Mama ta tsaya a wurin daga farko har ƙarshe, ba ta nemi kujera ba. Allah ya ji ƙan Kawu, ya auna shi da ma'auninsa ba da namu ba.

A mota muna komawa ni da ita kaɗai na kasa haƙuri. Na ce mata ɗaga kai kawai aka nema, da yanzu mun shigar da shi mun fito da shi da waƙa, abin da ta shekara da shekaru tana so. Me ya sa?

"Ina sane, har na fara ɗaga kan," in ji ta. "Mutumin nan ya ƙi faɗin kalmar yana da rai, duk roƙon da na yi. Sai yanzu da yake kwance ba ya iya musu, in sa masa ita a baki?"